An Ce Ya Nemo "Aikin Yi" Kafin A Ba Shi Mata, Alhali Shagon Walda Gare Shi

Kawu Ɗanlami:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta nan ko na samu sauƙi. Ɗan yayata ne, ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Ya yi digiri a fannin tattalin arziki, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya shekara biyu yana yawo da fayil daga wannan ma'aikata zuwa waccan har takalminsa ya cinye. Da ya gaji sai ya koma wurin wani mai walda a bayan layinmu, wanda yake taya aiki tun yana sakandare. Yau shekara huɗu ke nan. Ya buɗe nasa shagon, da yara uku a ƙarƙashinsa, ƙofofi da tagogi da ƙafar tankin ruwa duk yana yi. Shi ke biya wa ƙannensa biyu kuɗin makaranta.

Ranar Asabar muka je nema masa aure. An karɓe mu hannu bibbiyu, an kawo ruwa da lemo. Da muka faɗi abin da ke tafe da mu, waliyyin yarinyar ya tambayi sana'ar yaro. Na ce walda. Ya yi jim, ya ce, "Ba an ce ya yi jami'a ba?" Na ce ya yi. Sai ya ce, "To Allah ya kawo aikin yi, in ya samu sai ku dawo." Wallahi haka ya faɗa. Aikin yi! Yaron da ke fita bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai an kira magariba, wai shi ne ba shi da aikin yi. Daga baya muka ji akwai wani manemin, ma'aikacin ƙaramar hukuma, mataki na 8. Ba na raina arzikin kowa, amma na san abin da yaron nan ke samu a ƙofar gida biyu ya fi albashin wancan na wata.

Ku gaya mini, yaushe muka koma haka? Yaushe zama a kujera ya zama shi ne aiki, gumi kuma ya zama zaman banza?

Auta:
Innalillahi. Kawu ku bar musu 'yarsu, mata ba su ƙare a gari ba. Wata rana da ƙafarsu za su zo a yi musu ƙofa bashi.

Bawan Allah Sakkwato:
Ni dai ban ga laihin tsohon ga ba. Ɗiyatai ta, wanda yag ga dama shi za ya ba. Ku bar mai abinai.

Ustaz Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam. Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Nisa da karantarwar addini ke kawo irin wannan. Ya tabbata a Bukhari cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. Alƙur'ani ya ba mu labarin an tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke, to mai walda ai a layin nan yake. Annabi Zakariyya kafinta ne, hadisin yana cikin Muslim. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada. A nan ƙasarmu ana ruwaito cewa Shehu Usmanu igiya yake tufkawa ya ci daga gare ta. Abin dubawa ga manemin aure addininsa ne da halinsa, sai ikon ciyarwa. Ban ga inda aka ce sai mai mataki na 8 ba.

Gaskiya Ɗaci:
Allah ya gafarta Malam, hadisan nan mun haddace su tun muna Islamiyya. Waliyyin ma na tabbata ya san su, wataƙila ma shi ke jan salla a masallacin layinsu. Tambayata ɗaya ce: cikin manyan da ke hawa mumbari ko shiga rediyo suna cewa matasa su kama sana'a, 'ya'yan nawa ne ke kwance ƙarƙashin mota a gareji? Nasu suna Misira da Indiya suna karatun likita, in sun dawo kujera na jiransu. Sana'a daɗin faɗa gare ta in ɗan wani ne zai yi.

Ustaz Abu Hafsa:
Nawa babban yana koyon gyaran waya a Farm Centre in an tashi daga makaranta. Amma na karɓi gyara, ba mu da yawa.

Baba Akawu:
Ɗanlami, ka yi haƙuri, zan ɗan tsaya wa mutumin nan. Ba don ya yi daidai ba, sai don na san mudun da yake awo da shi, da shi aka auna ni.

Na kama aikin gwamnati a 1973 ina akawu. Ba a daɗe ba aka yi ƙarin albashi na Udoji, aka haɗo mana da ariyas a dunƙule. Da kuɗin suka fito, rediyo da keke da babur sai da suka yi wuyar samu a kantuna. Ni da ban fi shekara ashirin da biyu ba na shigo unguwa a kan sabuwar Honda, dattawan da suka haife ni suna ɗaga mini hannu daga kan tabarma. A lokacin babban ma'aikaci yana da bashin mota, yana da gidan gwamnati, asibiti kyauta, in ya ajiye aiki ga garatuti ga fansho. Uban da ya ba ka 'yarsa ya san ko ka mutu ba za ta wulaƙanta ba. Hoton nan ne ya zauna a kan mutanenmu, har yau bai goge ba, alhali abin da ke cikin hoton ya daɗe da rasuwa.

Yau mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne tun 2024, kuma kowa ya san iyakar inda dubu 70 za ta kai shi bayan cire tallafin mai. Ni mai maganar nan sai da na shekara uku ina sintiri kafin in ga garatutina. Abokan aikina biyu ba su gani ba, sai magada.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Albashi komai ƙanƙantarsa yana da rana. Ma'aikaci in ya kwanta ciwo wata uku, alat zai shigo. Mai walda in ya kwanta kwana uku, tukunyar gidansa ta kwanta tare da shi. In aka yi sati babu wuta, ribar ta tafi a man janareta. Ku dubi masu waldar da suka haura hamsin, ku kalli idanunsu. Birkila in ya kai sittin bayansa ya gama yawo, ba wanda zai ba shi ko sisi don ya gina rabin unguwa. Waliyyin nan ba kuɗin yau yake tambaya ba, tabbas yake nema wa 'yarsa. Inda ya kuskure shi ne da ya zaci har yanzu a ofis ake samunsa.

Ɗiyar Mahauci:
Baba Akawu, da girmanka da komai, ban yarda maganar tabbas ce kaɗai ba. Mahaifina mahauci ne, kakana mahauci ne. Kafin ya rasu kullum sai ya kayar da shanu uku ko huɗu. Ya je Makka sau uku, ya kai iyayenmu mata, gidaje huɗu ya bari. Wane tabbas ne ya wuce wannan? Amma da aka zo maganar auren yayata da wani ɗan unguwarmu, malamin firamare da ko keke ba shi da shi, uwarsa ta ce ba za a haɗa mata jini da mahauta ba. Naman da take sa wa a miya daga hannun babanmu yake fitowa, sau da yawa ma bashi.

Ni kaina a makaranta in an ce a rubuta sana'ar uba, "ɗan kasuwa" nake rubutawa. Sai da na girma, bayan ba ya raye, na ji kunyar wannan kunyar da na riƙa ji. Abin nan ya girmi Udoji, ya girmi boko. Ku tambayi 'ya'yan wanzamai da makaɗa da majema, kowa da irin nasa labarin.

Malam Mai Alli:
'Yar'uwa ta taɓo inda ke ciwo. Tarihi nake koyarwa a sakandare, a ba ni dama in ɗan ja zaren.

Ba gaskiya ba ne a ce Bahaushe ya ƙi aikin hannu tun asali. Arzikin Kano kafin zuwan gyaɗa a kan saƙa da rini da jima da ɗinki aka gina shi. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya yi dogon bayani a kan tufafin da ake saƙawa a rina a nan, a kai su har Tambutu da Tarabulus. Sunayen wurare ma shaida ne: Soron Ɗinki, Dukawa, karofin Ƙofar Mata da na Zage. Garin Kura kuwa har cikin Sahara Buzaye sun san shi saboda turkuɗi. Kowace sana'a da sarkinta, Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Aska, Sarkin Fawa, kuma fada ta san da zamansu.

Sai dai sana'o'in ba a sahu ɗaya suke ba, tsani ne. Sarauta a sama, sai malanta, sai fatauci. Ɗinkin riga da hula ba a raina shi, domin malamai da almajirai ke yi, mutum na zaune a zaure da tsabtarsa yana jan zare yana tilawa. Da an gangaro kan sana'ar da ke da jini ko wari ko roƙo, sai aure ya fara wuya, kamar yadda 'yar'uwa ta faɗa. Ga kuma bauta. Aikin ƙarfi a gandun sarki da rinji na bayi ne, saboda haka alamar mai hali ita ce ba ya ɗaga komai da hannunsa. Ku dubi babbar riga da kyau, ai ba a yanka ta don wanda zai sunkuya ba.

Turawa suka zo suka ƙara wa tsanin matakala. Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a, amma mutane ba makafi ba ne. Sun ga waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina, irin su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, su suka zama malamai da manyan En'e, daga baya suka riƙe ƙasa. Sun kuma ga wanda dagaci ya tsinto aka tura aikin dole, shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ko haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu. A irin wuraren nan kalmar lebura ta shigo bakinmu, kuma ba da daraja ta shigo ba. Har gobe uwa in za ta tsorata ɗanta cewa take yi, ka ƙi karatu ka ƙare a leburanci. Ita walda baƙuwa ce, ba ta da gado, ba ta da sarki a fada. Da aka rasa inda za a ajiye ta sai aka tura ta layin lebura.

Ɗan Panteka:
Malam Mai Alli, Allah ya ƙara basira. Ni shekarata ashirin da shida a Panteka ta Kaduna. Injin niƙa, injin markaɗe, injin casar masara, murhu, duk muna ƙerawa. Ɗalibai in lokacin aikin kammala karatunsu ya zo, wurinmu suke kawo zane a takarda, mu mayar da shi ƙarfe, su kai a ba su maki. Bayan shekara biyar ka haɗu da yaron a ofis, shi ne "Injiniya", kai ne "kai mai walda". Ba na jin haushin yaran. Abin da ke ci mini rai ciniki ne. Mutum zai biya kuɗin ganin likita bai ce uffan ba, amma in na ce aikina dubu talatin sai ya ce, "Haba, ɗan wannan abin?" Ya manta ƙarfe saye nake, mai saye nake, ido kuma ba a sayar da shi a kasuwa.

Sannan in ƙara a kan maganar Baba Akawu. Mahaifina a ɗaya daga masaƙun Kakuri ya yi aiki. Aikin hannu ne, a tsaye yake wuni gaban inji, auduga har cikin hanci. Amma yana da albashi, yana da katin asibiti, yana da ƙungiyar ƙwadago. Mata biyu ya aura, ba wanda ya ce ya je ya nemo aikin yi. Da masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, haka ma masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa, sai aikin hannu ya rabu da albashi. Ya koma na bakin titi, kowa tasa ta fisshe shi.

Hajiya Maman Ummi:
Ni fa a bar ni in faɗi tawa ko za a jefe ni. Masu sana'ar hannu su ma da hannunsu a zubewar darajarsu. Kafinta ya karɓi kuɗin gadon 'yata wata huɗu kafin biki, ranar jere sai a ƙasa aka shimfiɗa katifa, wayarsa a kashe. Na sha kunya a gaban dangin miji. Tela kuwa ba sai na faɗa ba, kowa a zauren nan ya taɓa zuwa idi da tsohon kaya. Me ya sa masu gini a Abuja da Kano in an zo kan tayil da silin sai su nemo 'yan Togo da Kwatano? Ba hannu huɗu gare su ba. In sun ce Laraba to Laraba ce, kuma layi zai fita a miƙe. Uba in ya ji an ce mai sana'a, abin da ke faɗo masa ke nan, mutumin da "gobe" ba ta ƙarewa a bakinsa.

Anti Tela:
Hajiya na ji, kuma ban ce kin yi ƙarya ba. Amma a duba ɗaya gefen. Ranar ashirin da bakwai ga azumi za a kawo mini kaya kala shida. In na ce ba zan iya ba, a haɗa ni da Allah da iyayena. In na karɓa a ba ni rabin kuɗi, saura sai bayan salla, wata sallar ta zagayo ba a biya ba. A shagona yanzu akwai ɗinkin da ya shekara biyu a rataye.

Sannan ina tambaya, shi ma'aikacin ofis cika alkawari yake yi? Wata bakwai na yi ina bin takardar filin da mahaifinmu ya bari. Kullum oga bai shigo ba, fayil bai sauko ba, dawo Litinin. Mutum ya zo ƙarfe goma da rabi, ya sa hannu, ya danna waya, azahar ta yi ya tafi salla, sai gobe. Wa ya taɓa hana shi mata saboda haka? Namu saɓa alkawarin sunansa ha'inci, nasu sunansa tsarin aiki.

Da keken nan na biya wa ƙannena biyu kuɗin jami'a. Yau ɗayansu in zai gabatar da ni ga abokansa sai ya ce, "Yayata ce, tana harkar kayan sawa." Kalmar tela ta yi masa nauyi a baki.

Ɗan Banki:
Anti a yi mana adalci, ba duk mai zama a kujera ne ke danna waya ba. Ni a banki nake, kuma na kwantiragi ne, ko yau aka ga dama an sallame ni. Ina fita shida da rabi na safe, ba na shiga gida sai bayan isha'i. An ɗora mini adadin kuɗin da zan jawo duk wata, in ban kawo ba a tsaye zan sha faɗa gaban yaran da na girma. Ciwon baya da hawan jini ban kai arba'in ba. Abin dariyar, a dangi ni ne mai kuɗi. Biki, suna, asibiti, "ai ga wane yana banki". Maƙwabcina falkaniza ya fi ni ajiya nesa ba kusa ba, don shi ba wanda ke kai masa katin gayyata da lambar asusu a baya. Girman da ake ba mu ba kyauta ba ne, duk wata muna biyan kuɗinsa.

Mai HND:
Ku daina ɗora wa tsofaffi laifin su kaɗai. Gwamnati ce ta rubuta rainin nan a takarda ta buga masa hatimi. Ni HND gare ni, wato babbar difloma, a fannin lantarki. Shekara biyar na yi, har da shekarar koyon aiki tsakanin ND da HND. A aikin gwamnati an daɗe ana tsayar da irinmu a mataki na 14, mai digiri ya wuce ya zama darakta, ko da ni nake nuna masa inda waya ta ƙone. Majalisa ta amince da ƙudurin soke bambancin a 2021, ba a sa masa hannu ba har gwamnatin ta sauka.

Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a shekarun 1980 an yi shi ne don yaro ya fita ƙaramar sakandare da wani abu a hannunsa. An sayo injina daga waje. A makarantarmu da idona na gan su cikin akwatunansu har tsatsa ta cinye, babu wuta, babu malamin da ya iya tayar da su. Kuma wa ake turawa makarantar koyon sana'a? Wanda aka ce kansa ba ya ja. Ka shekara arba'in kana nuna wa mutane sana'a ta daƙiƙai ce, sannan ka bi mai digiri sansanin bautar ƙasa ka koya masa haɗa sabulun ruwa cikin 'yan kwanaki, ka ce ya je ya dogara da kansa.

Mushe Ila Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina biye da ku daga Damagaram. Ciwon ɗaya ne. Nan ma yaro in ya yi lakwal, wato boko, ya samu takarda, aikin biro, wato ofis, yake jira, ko da kwantiragin koyarwa ne da albashi ke makara. Amma abin da na lura, ba aikin ake ƙi ba, idon sani ake gudu. Yaron da ba zai ɗauki bulo a unguwarsu ba, shi ne zai ratsa Agadas ya tafi Libiya ko Aljeriya ya yi leburanci shekara biyu, ko ya sauka Kano da Abuja yana tura kurar ruwa. In ya dawo da jikkuna ya sa shadda, ba mai tambayar me ya ɗauka a ka. Ci-rani rabinsa neman kuɗi ne, rabinsa neman inda ba a san ubanka ba.

Ɗan Zango Kumasi:
Mushe ka gama magana. A nan na ga 'ya'yan manyan gida daga arewa suna gadi da wankin mota. In za su koma sai a sayi sabon akwati, a ce kasuwanci aka je yi.

Tsohon Yaron Gareji:
Kowa sai yabon sana'a yake, bari in zuba muku yashi a miya. Shekara tara na yi a garejin wani, tun ina ɗan sha uku. Shekara biyun farko sufana sai dai in miƙa, aikina wanke kayan aiki, sayo abinci, ɗebo wa matar oga ruwa. Duka kuwa da fambel. Babu yarjejeniya, babu ranar yaye. Wani abokina ɗan ƙabilar Ibo da ya fara zaman shago a Sabon Gari lokaci ɗaya da ni, shi tun ranar farko aka yanke shekarunsa a gaban iyayensa. Da suka cika ubangidansa ya sallame shi da jari, yau shagonsa biyu. Ni ranar da na ce zan buɗe nawa sai aka ce na yi butulci, ko sufana ɗaya ban fito da ita ba.

Saboda haka Kawu, ba raini ba, yaran nan uku da ke ƙarƙashin ɗanka, nawa yake ba su? An sa ranar da za a yaye su? Suna da gilashin walda, ko da tafin hannu suke kare ido? Mai shago shi ma oga ne, kujerarsa ce kawai ba ta juyawa. Kuma in ɗaya daga cikin yaran nan ya zo neman 'yarka, me za ka ce masa?

Admin:
A yi a hankali jama'a, tambaya ce ba faɗa ba. Kawu, in ka ga dama ka amsa.

Kawu Ɗanlami:
Ba komai, yaron nan bai zage ni ba. Jiya da na ga tambayar na kasa amsawa, sai da na je shagon yau da safe. Kuɗin abinci yake ba su kullum, in an yi babban aiki ya ɗan ƙara musu. Ranar yaye babu, ya ce shi ma ba a sa masa ba. Gilashi ɗaya ne a shagon, karɓa-karɓa suke yi. Na ce ya sayo uku kafin Juma'a, in ba haka ba ni zan sayo in cire a kuɗin lefe.

Tunda gaskiya ake faɗa, akwai abin da na ɓoye muku tun farko. Lokacin da muka tura a fara yi mana sallama a gidan yarinyar, ni da bakina na ce wa ɗan aiken ya ce yaron ya gama jami'a, yana 'yan kwangiloli. Ban ce a ce walda ba. To da mutumin ya ji walda a zaurensa, ba mamaki ya ga kamar an yi masa rufa-rufa.

Sannan na tambayi shi yaron, yau in aka kira ka Kwastan ko NNPC za ka tafi? Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Kawu, ai duk sanda aka buɗe sai na cika fom." Na ce shagon fa? Ya ce sai ya bar wa yara, ya riƙa leƙowa da yamma.

Maganar 'yata kuma, ɗana, ka bar ni da ita tukuna. Ban shirya amsa ba.

Baba Akawu:
In Allah ya ba shi Kwastan ɗin, ka ce kada ya saki shagon. Mu da muka fito ba mu iya komai ba sai "an karɓa, an tura", mun ga tasku.

Ɗiyar Mahauci:
Kwana uku ana magana, an ji ta bakin waliyyi, an ji ta bakin yaro. Ita yarinyar fa Kawu, akwai wanda ya tambaye ta?

Kawu Ɗanlami:
'Yata, ai ita ce ta tayar da ƙurar. Ga inda aka kwana. Ashe tun ranar Asabar ɗin ba ta ci abincin kirki ba, uwarta ta je ta samu waliyyin, wanda ƙanen mahaifinta ne. Ya aiko cewa ranar Lahadi zai zo da kansa ya ga wurin sana'ar. Bai ce ya bayar ba, bai ce ya hana ba.

Yanzu haka na baro yaron a kan tsani da gwangwanin fenti. Allon shagon da aka rubuta "Mai Walda" ya shafe shi, wai zai sa "Injiniya" a gaban sunansa, a ƙasa kuma "Kamfanin Ƙere-ƙeren Ƙarfe". Na ce kai fa tattalin arziki ka karanta. Ya ce, "Kawu, shi waliyyin ai allo zai karanta."

Ɗan Panteka:
Ku ce masa ya share gaban shagon, ya jera ƙofofin da ya gama a inda ido zai fara sauka. Amma kada ya sa manyan kaya ranar. Gara mutumin ya same shi a kan aiki.

Hajiya Maman Ummi:
Kawu, nawa yake yin ƙofar gida mai murfi biyu? Amma ka gaya masa tun yanzu, ni in an ce Laraba, Laraba nake zuwa.

Admin:
Hajiya, ciniki a yi shi ta akwatin sirri. Talla a zaure sai ranar Juma'a.